Daga Baitulmalin Katsina zuwa kason Abuja

Akwai wani tsohon gwangwani a ɗakin mahaifiyata a nan cikin birnin Katsina, cike da rasidan harajin kakana. An ɗaure su da zare shekara-shekara, wasu gara ta ci gefensu, amma har yanzu ana iya karanta sunansa da abin da ya biya. Kakana bai taɓa yabon haraji ba. Yakan ba mu labarin yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar gidan dagaci in ya kasa biya, da yadda wani zai sayar da akuyar matarsa, wani kuma ya tsallaka Maraɗi sai an gama karɓa ya dawo. Duk da haka akwai maganar da ba ta barin bakinsa in ya ga kwata ta toshe a unguwa, ko ya je asibiti aka rubuta masa magani ya je ya sayo. Sai ya girgiza kai ya ce, “A da in talaka ya tsiyace, hakimi ma ya shiga uku. Yanzu kuwa ko duk mun ƙare, kuɗinsu na zuwa.”

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma na yarda ita ce ƙashin bayan muhawarar da ake ta yi a kan sake fasalin ƙasa. Mu a Arewa da an tayar da zancen sai gabanmu ya faɗi, don mun ɗauka dabara ce ta 'yan Kudu su riƙe man fetur su bar mu da yunwa. Su kuma can sun ɗauke mu cima-zaune. Ana cikin wannan nunin yatsa sai a manta da abin da ya fi shafar mai sayar da gero a Mashi da mai kiwo a Baure, wato gwamnatin da ke kansa daga ina take ci, kuma in ta matsa masa ina zai nufa.

Akwai masana tattalin arziki da ke kallon tsarin tarayya ta wannan fuska. Su ne masu ra'ayin a sakar wa mutum mara ya nemi halalinsa, gwamnati ta tsaya ga tsare rai da dukiya, da raba gardama tsakanin masu jayayya, da 'yan ayyukan da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba. A wurinsu ba wai gwamna ya fi shugaban ƙasa tsoron Allah ba ne. Abin da suke cewa shi ne mai mulki ko wane ne ɗan Adam ne, saninsa na da iyaka, kuma yana da son zuciya. Saboda haka gara kuskurensa ya tsaya a ƙaramin wuri, kuma a samu maƙwabcin da za a riƙa gwada shi da shi. Ni ma nan na karkata, ko da yake akwai wuraren da nake jan birki, zan zo kansu.

Hujjarsu ta farko maganar sani ce. Friedrich Hayek, masanin nan ɗan asalin Ostiriya, ya yi bayani a 1945 cewa ilimin da tattalin arziki ke gudana a kansa ba a tare yake a wuri ɗaya ba, a warwatse yake a kawunan miliyoyin mutane, kowa da guntun abin da ya sani game da wurinsa da lokacinsa. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan tun da daɗewa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da ke bakin iyaka ba ma bukatar littafi kafin mu gane haka.

A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. A watan Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai man fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. In kana zaune a ofis a Abuja kana kallon taswira, kilomita 20 wani siririn layi ne. A ƙasa kuwa, cikin wannan layi akwai Jibiya da Mai'aduwa da Ɗankama da ƙauyuka masu ɗimbin yawa, akwai mai noman rani da injinsa na ban ruwa, akwai mai injin niƙa, akwai ɗan acaɓa, akwai wanda matarsa ke naƙuda da tsakar dare. Duk waɗannan suka koma hannun 'yan bumburutu, suna sayen mai a kwalba da tsadar da ta fi ta gidan mai nesa ba kusa ba. Shi kuwa babban ɗan fasa-ƙwauri, wanda don shi aka yi dokar, ya san hanya ya san wanda zai gani. Sannan me ya haifar da fasa-ƙwaurin tun farko? Gwamnati ce ta ƙayyade farashin mai ƙasa da na Nijar ta hanyar tallafi, ribar tsallakar da shi ta zama ba mai iya kau da kai. Wato hukuncin Abuja na farko ya haifi matsala, aka zo da hukunci na biyu don a gyara, nauyin duka ya sauka a kan mutumin Jibiya. Malamanmu sun karantar da mu cewa lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke farashi, bai yanke ba, ya ce Allah ne Mai sanya farashi. Malaman fiƙihu sun tattauna inda hukuma za ta iya sa baki, amma asalin da aka gina a kai shi ne a bar kasuwa.

An fara buɗe wasu iyakoki a Disambar 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022. Ba a daɗe da numfasawa ba sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ta Nijar a Yulin 2023, aka sake rufewa. Katsina da Maraɗi kuwa gida ɗaya ne da Turawa suka ja wa layi a tsakiya. Ana auratayya, ana zuwa suna da ta'aziyya, dabbobi da wake na gangarowa, kayan masarufi na haurawa. Ba na cewa jiha ta riƙa yin nata harkokin waje. Ina cewa ne hukuncin da zai kashe kasuwar gari guda bai kamata a yanke shi ba tare da an ji ta bakin mutanen garin ba, kuma tsarinmu bai tanadi wata ƙofa da za a ji su ba.

Canjin kuɗin farkon 2023 ma haka ya zo. An tsara shi kamar kowa na da asusu a banki da sabis a waya, alhali a kasuwannin ƙauye ana cinikin sa da buhun masara da tsabar kuɗi hannu da hannu. Amma a nan an ga amfanin a ce akwai wani mai iko ban da na tsakiya. Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, wasu jihohi suka bi, ranar 3 ga Maris 2023 kotu ta ce tsofaffin takardun kuɗi su ci gaba da aiki. Ko mene ne dalilinsu na siyasa, da ba jihohi masu tsayuwa da ƙafarsu a shari'a, da babu mai taka wa wannan hukunci birki.

Hujja ta biyu ita ce ta gasa, kuma tarihin garinmu ya ishe mu misali. A ƙarni na 17 da na 18 Katsina ce babbar mashigar ayarin Sahara a ƙasar Hausa. Fatake da malamai daga nesa suka zauna a cikinta saboda akwai aminci, akwai ciniki. Bayan jihadi, yaƙe-yaƙe tsakanin Katsina da mutanen Maraɗi da Gobir suka hana hanyoyi zaman lafiya, sai 'yan kasuwa suka naɗe tabarmarsu suka nufi Kano. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗi amma mafi yawan cikinta fili ne, kasuwa ta koma Kano. Ba wanda ya yi zanga-zanga, ba wanda ya kaɗa ƙuri'a. Mutane sun yi zaɓe da ƙafafunsu. Wani Ba'amurke mai suna Charles Tiebout ya rubuta wannan a matsayin nazari a 1956, cewa in hukumomi na da yawa kuma mutum na iya tashi, kowace hukuma dole ta kyautata aiki ta sassauta haraji, in ba haka ba ta wayi gari ba kowa. Ƙasar Siwizalan a kan haka take, yankunanta 26 kowanne na yanka nasa harajin, ba su da fetur, kuma suna cikin mafi arzikin duniya.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan gasa. Daga 1954 da aka kafa tarayya ta gaske har zuwa juyin mulkin 1966, kowane yanki na da gwamnatinsa da aljihunsa. Yamma ta fara ilimin firamare kyauta a 1955, ta buɗe talabijin a 1959. Gabas ta kafa jami'a a Nsukka a 1960. Sardauna bai zauna yana jiran Ikko ba, ya kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga masaƙu a Kaduna, ga Bankin Arewa. Kowa na leƙen maƙwabcinsa, ba mai son a bar shi a baya. Kundin 1963 ya bar wa yankin da aka haƙo ma'adini rabin kuɗin da aka samu daga gare shi. Ya kamata matasanmu su san cewa a wancan zamani Arewa ce ta fi kowa dagewa a kan kowane yanki ya riƙe ikonsa. Da Janar Ironsi ya soke yankuna da Doka ta 34 a watan Mayun 1966, a garuruwan Arewa aka yi bore, har da nan Katsina.

To yaya aka yi muka juya? Soja da fetur. Gowon ya yanka ƙasa jihohi 12 a 1967, dokar man fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk man da ke ƙasa, daga nan kason wanda aka haƙo a ƙasarsa ya yi ta raguwa har ya kusa ɓacewa, kafin kundin 1999 ya tsayar da shi a kan aƙalla kashi 13 cikin ɗari. Soja ba ya iya mulki sai da umarni daga sama, saboda haka komai aka jawo shi tsakiya. Kundin 1999 ya zo da jerin abubuwa 68 da majalisar tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, daga 'yan sanda da kwastan da ma'adinai har awo da sikeli. Farar ƙasar da ke Ƙanƙara, mai son haƙarta bisa doka sai ya nemo lasisi daga Abuja.

Yau duk wata kwamishinonin kuɗi na jihohi kan hallara a raba abin da ya shiga asusun tarayya: gwamnatin tarayya kashi 52.68, jihohi 36 kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kashi 20.60. A tsakanin jihohi kuma mafi girman ma'auni shi ne daidaito, kashi 40, sai yawan jama'a kashi 30, abin da jiha ta tara da guminta kuwa kashi 10 kacal ake duba shi. Duk wanda ya kalli wannan lissafi zai gane dalilin da ya sa kowace al'umma ke neman a ba ta jiha ko ƙaramar hukuma, da dalilin da ya sa ƙidayar jama'a ta zama abin faɗa. Hanyar samu ita ce ka ƙara yawan kwanukan da kake miƙawa. Katsina ta samu jiharta a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34, kuma kamar mafi yawan jihohin ƙasar nan, abin da take tarawa a gida ƙaramin yanki ne na abin da take kashewa.

Nan ne maganar kakana ta zauna. A zamanin Sarki Dikko, Katsina na cikin wuraren farko da aka kafa Baitulmali, kuma daga harajin talaka da jangalin Bafulatani En'e ke biyan malaman makaranta da 'yan doka da ma'aikatan asibiti. Talaka ba shi da ƙuri'a, ba shi da bakin magana, amma ana bukatarsa. Hakimin da mutanensa suka watse, harajin ƙasarsa ya ragu, sai ya yi bayani. A 1979, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kaduna, Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Ina ganin sun yi daidai, domin harajin da ake yanka wa mai shi da marar shi kusan bai ɗaya, a karɓa da bulala, zalunci ne, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. Sai dai da aka tsinke wannan igiya ba a ƙulla wata ba. Kuɗin fetur ya cike gurbin, hukuma ta daina bukatar arzikin talaka, talaka ya daina ganin dukiyar gwamnati tasa ce. Ciyaman ɗin da kasuwar garinsa ta mutu, kasonsa bai ragu da kwabo ba. Me zai sa ya hana kansa barci don gyara hanyar kasuwa? Wanda zai faranta wa shi ne wanda ya ba shi kujera da wanda ke sa hannu a sakar masa kuɗi.

Dubi ayyukan da aka yi mana daga nesa. Dam ɗin Zobe da ke Dutsin-ma tun zamanin Shagari aka gina shi, amma ruwan ya yi shekaru yana kwance ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba, aikin kai ruwan sha daga can sai a 2021 aka ƙaddamar da shi. Fankokin lantarki na Lambar Rimi, masu megawat 10, sun shafe fiye da shekara goma ana ta ɗaga ranar gamawa. Da kuɗin mutanen Dutsin-ma da Rimi aka yi su kai tsaye, kuma da wanda ke da alhakinsu na sallar Juma'a a masallaci ɗaya da su, da wuya a kai haka.

Yanzu ga inda nake jan birki. Masu kewar zamanin yankuna sukan nuna hoton dalar gyada a Kano su ce ga arzikin Arewa. Gaskiya ne, amma a tambayi manomin da ya noma gyadar. Hukumar sayen amfanin gona ita kaɗai doka ta yarda ta fitar da gyada da auduga waje, ita ke yanka farashi, kuma shekara da shekaru tana biyan manomi ƙasa da abin da ake saye a kasuwar duniya, rarar ta tafi ga ayyukan gwamnati. Masanin nan Peter Bauer ya soki wannan tsari tun a 1954, ya ce haraji ne mai nauyi da aka ɓoye a cikin farashi. Manomin auduga na Funtuwa da Malumfashi ya biya harajin kai a fili, ya kuma biya wani a sikeli bai sani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1986 aka rushe waɗannan hukumomi. Haka kuma 'yan dokan En'e da kotunan alƙalai, tsofaffin 'yan NEPU da suka rage za su gaya maka yadda aka yi amfani da su a kan 'yan adawa. Iko na kusa yana iya fin na nesa cizo, domin ya san gidanka, ya san gonarka, ya san surukinka.

Saboda haka in sake fasalin ƙasa na nufin a ɗauke iko daga hannun mutum ɗaya a Abuja a damƙa wa mutum 36, an gudu gara an faɗa zago. Mun ga yadda asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya mayar da ƙananan hukumomin 'yan amshin shatan gwamna, mun ga zaɓukan ƙananan hukumomi a faɗin ƙasar nan inda jam'iyyar gwamna ke lashe kowace kujera. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma a daina naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Na yi murna da hukuncin, amma ko an aiwatar da shi sarai, bai taɓa tushen ciwon ba. Kuɗin dai daga Abuja zai taso, an canza masa bututu ne kawai.

Abin da masu wannan ra'ayi ke nema ya wuce nan. Suna so ikon ya ci gaba da gangarowa har ya iso hannun mai gona da mai rumfa. Ɗauki maganar fili. Dokar filaye ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma mai takardar mallaka ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da amincewarsa. Mu a Arewa mun riga kowa shiga irin wannan tsari tun zamanin Turawa. Sakamakonsa shi ne manomin da ya gaji gona kaka da kakanni, kowa a ƙauye ya san iyakarta, dagaci shaida ne, amma in ya je banki neman bashin taki ba shi da abin da zai ajiye. Jihar da ta mayar da samun takardar fili abu na 'yan makonni da kuɗi kaɗan ta yi wa talaka abin da rabon buhun shinkafa na shekara goma ba zai yi masa ba, kuma wannan ba sai an jira Abuja ba.

Sai maganar hanya. Wani dattijo mai safarar shanu daga Mai'aduwa zuwa Kudu ya taɓa buɗe mini jakarsa a tasha, ya zaro rasidai cike da hannu, kowanne da launinsa da tambarinsa, na jiha, na ƙaramar hukuma, na ƙungiya, wasu ma ba a san na wane ne ba. Na ce, “Baba, duk na tafiya ɗaya ne?” Ya ce, “Ɗana, waɗannan su ne masu takarda. Waɗanda ba su ba da takarda sun fi su yawa.” Wannan ma rarraba iko ne, amma irin wanda ke kashe kasuwa, kowa ya kafa shinge a ƙofar gidansa yana yagar rabonsa. Ibn Khaldun ya faɗa tun ƙarni na 14 cewa daula a farkonta harajinta kaɗan ne abin da take tarawa da yawa, a ƙarshenta kuwa haraji ya yi yawa abin da ake tarawa ya ragu, domin mutane sun karaya da nema. Tarayya mai amfani dole ta zama kasuwa ɗaya. A nan ne ma ake bukatar gwamnatin tsakiya ta yi ƙarfi: ta tabbatar buhun wake ya tashi daga Daura ya isa Fatakwal ba mai tare shi, Bakatsine ya yi sana'a a Ibadan, Bayarabe ya buɗe shago a Funtuwa, ba mai ce masa baƙo. In mutum ba ya iya tashi da kayansa da iyalinsa ya koma inda aka fi kyautata masa, gasar da ake magana ba ta nan. Da rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan ya sa dillalan abinci da dabbobi suka daina kai kaya Kudu a farkon 2021, can farashi ya tashi, nan tumatir ya ruɓe a hannun manomi.

Akwai kuma sharaɗin da gwamnoni ba sa son ji. Jihar da ta ci bashi ta ɓarnatar, ita za ta ɗauki kayanta. A 2015 jihohi da yawa sun kasa biyan albashi, gwamnatin tarayya ta kawo musu ɗauki. An tausaya wa ma'aikata, kuma sun cancanci tausayi, amma darasin da mai mulki ya koya shi ne in ya kashe ba lissafi akwai mai share masa hawaye.

Tsaro shi ne wurin da na fi jin nauyin wannan magana. Sashe na 214 na kundin tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa. Ana kiran gwamna shugaban tsaron jiharsa, amma kwamishinan 'yan sanda daga sufeto janar yake karɓar umarni. Mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa sun san hanyoyin dajin Rugu, sun san wanda ya kwana a gari da wanda bai kwana ba, jami'in da aka turo daga nesa kuwa kafin ya koyi sunayen ƙauyuka an canza masa wurin aiki. Da aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 duk duniya ta ji, amma manoman da aka hana shiga gonakinsu shekara bayan shekara ba mai lissafa su. Rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa a 2023 amsa ce ga wannan giɓi. Ko mai tsananin ra'ayin taƙaita gwamnati ya yarda tsare rai shi ne aikinta na farko. Ina goyon bayan 'yan sandan jiha, amma da idona a buɗe, da tunanin 'yan dokan En'e a raina. Dole a ce naɗa shugabansu da tsige shi ba a hannun gwamna shi kaɗai yake ba, kuma wanda suka zalunta yana da kotun da gwamna ba ya iya juyawa.

Saura tsoron da ke zuciyar kowane ɗan Arewa, kuma ba zan raina shi ba. In aka ce gobe kowace jiha ta ci abin da ta tara, Katsina ba za ta iya biyan malaman makaranta ba. Wannan gaskiya ce, kuma shi ya sa gwamnonin Arewa suka tayar da jijiyar wuya a 2024 a kan rabon harajin kayan masarufi. Ba a yaye yaro rana ɗaya. Kowace tarayya a duniya tana da hanyar da mai shi ke tallafa wa marar shi, kuma yaron Baure bai zaɓi inda aka haife shi ba. Amma akwai bambanci tsakanin tallafin da aka ɗaure da aiki, a ce ga kuɗin firamare da asibitin karkara, a riƙa bin sawunsa, da kason da ke sauka duk wata ba tambaya. Shekara hamsin muna karɓar na biyun, kuma har yau yankinmu ne kan gaba a talauci da yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. Wanda ke kare wannan tsari da sunan kishin Arewa ya kamata ya nuna mana abin da ya tsinana wa talakan Arewa. Abin da nake so a tsara shi ne sauyi a hankali, na shekaru sanannu, kason daidaito na raguwa, abin da jiha ta tara tana riƙe mafi yawansa, har ranar da gwamnan Katsina zai kwana da tunanin farashin auduga a Funtuwa fiye da farashin gangar mai a Landan.

An ma fara buɗe ƙofa. A Maris 2023 Shugaba Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a gyaran kundin da ya ba jihohi damar shiga harkar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali, dokar lantarki ta biyo baya a watan Yuni. Yau ba abin da ya hana Katsina ta yi dokar da za ta bar ɗan kasuwa ya kafa tashar hasken rana a Kaita ko Ingawa ya sayar wa masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara, a kan farashin da suka daidaita, ba tare da ya yi shekara yana zarya a ofisoshi ba. Rana dai muna da ita fiye da yadda muke bukata. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ma, da aka aza harsashinsa a 2021, ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi. In ya kammala, abin da zai sa tarago ya cika shi ne yawan awowin da buhun wake zai yi a bakin iyaka kafin a sake shi, da yawan hannuwan da za a miƙo wa mai shi tsakanin tasha da kasuwa, kuma rabin waɗannan hannuwa na hukumomin da ke nan cikin jiharmu ne.